Mai Gadin da Ba a Sallama Ba

Reshen ya ƙi tasowa.

Thokozile ta sake ja a hankali, kamar mai jan hannun tsoho. Reshen magarya ne, bai fi kamu biyu ba, ta kwantar da shi a kan kujerar robar da ke cikin ɗakin gadin, kujerar da maƙwabcinta Mzwakhe ya cika a kanta kwana shida da suka wuce. Wata ƙaya ta shige tsagar kujerar ta riƙe gam.

"Baba Mzwakhe," ta ce ƙasa-ƙasa, "ni ce Thokozile, ta ɗakin da ke jikin naka. Na zo in kai ka gida. Tashi mu tafi."

A al'adarsu, kowa ya san wanda ya mutu a waje gawarsa kawai ake ɗaukewa, shi kansa yana nan inda ya faɗi sai an zo da reshe an kira shi. Mai riƙe da reshen kuwa, daga lokacin da ta ambaci sunan mamacin, ba waiwaye, ba magana da mai rai har a isa gida. In ta kuskura ta amsa wa wani, mamacin ya tsaya a nan ke nan har abada. Aikin dangi ne. To amma dangin Mzwakhe sun ƙare tun tuni, ita kuma shekara goma sha tara suna shan famfo ɗaya a unguwar talakawa ta Tembisa, bangon kwano ɗaya ne ya raba tarinsa da barcinta. Shi ya sa ta ɗauko tsoho Fanyana mai gyaran takalma, abokin darar marigayin, don ya zama bakinta.

Fanyana ya leƙo ta taga. "Kai Mzwakhe, taurin kan nan har da bayan rai? Ka bi baiwar Allah nan, rana tana yi."

Sabon mai gadin, wani mai furfura daga yankin Limpopo, yana tsaye a waje cikin rana. Tun da aka kawo shi bai taɓa zama a kujerar ba. Ya matso kusa da Fanyana ya rage murya.

"Baba, don Allah ku tafi da shi yau. Sandar nan da kanta take ɗagawa. Sau biyu ana turo mai gyara, ya ce lafiyarta ƙalau."

Yana nufin doguwar sandar ƙarfen da ke tare hanyar shiga unguwar masu kuɗin da ake gadi, wadda sai an danna maɓalli daga ɗakin gadi take tashi. Bayanta titi ne baƙi wuluk, ciyawa kore shar ana ta yi mata feshin ruwa, gidaje kowanne kamar asibiti. Ba ka jin komai sai ruwan nan, tsit-tsit-tsit.

A nan Mzwakhe ya yi shekara tara. Ranar Juma'ar da abin ya faru, yana zaune tsaf, hula a kai, hannu a kan maɓalli. Motoci suka yi ta wucewa, sanda tana tashi tana sauka, masu motar da suka ga dama suna ɗaga masa yatsa. Sai da la'asar wata mai aikin gida da ta saba miƙa masa fanke ta taɓa kafaɗarsa ta ji sanyi. Likita ya ce tun kafin sha biyun rana ya rasu. Wanda ya yi ta buɗe wa mutane hanya daga nan zuwa la'asar, babu wanda ya so ya tambaya.

Thokozile ta sake ja. Roba ce kujerar, yaro ma zai ɗaga ta da hannu ɗaya, amma ko motsi ba ta yi ba. Ta ji tsoro, ta kuma ji haushi, irin haushin da ta ji ranar Laraba kafin rasuwar, da ta same shi a bakin famfo ya dafe ƙirji.

"Baba, ka je asibiti mana," ta ce masa ran nan.

"In na je wa zai riƙe ƙofa?"

"Ƙofar gidan ubanka ce?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "'Yata, soja ba ya barin bakin aiki sai an sallame shi."

Soja! Yana ɗan shekara sha bakwai ya tsallake iyaka ya shiga yaƙin 'yanci, ya ci baƙar wuya a dajin Angola, ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji. Manya suka zauna a teburi suka sasanta, aka yi zaɓe, aka yi rawa a titi, shi ma ya yi. Aka rubuta sunansa a jerin waɗanda za a ba gida, takardar tana nan cikin Baibul ɗinsa har ta yi launin shayi. Duk ranar zaɓe sai ya goge rigarsa ya je tun da safe. A na ƙarshe ne ya bi layi har ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo gida bai jefa ƙuri'a ba. In Fanyana ya tsokane shi a wajen dara, cewa an ba su ƙuri'a an riƙe ƙasa, sai ya ce, "Ai an ci gaba. Da ta ƙofar baya muke shiga, yanzu ni ke buɗe ta gaba."

Maganar famfon ce ta faɗo wa Thokozile. Ta dubi reshen ta ce, da ƙarfin da Fanyana zai ji, "Baba Mzwakhe, ashe jira kake a sallame ka?"

Fanyana ya cire hula ya sosa kai. Bai kai ga magana ba sandar ta yi ƙara ta miƙe sama. Babu mota a titin. Sabon mai gadin yana tsaye hannuwansa biyu a baya. Sai can bayan ɗan lokaci wata baƙar mota mai duhun gilashi ta ɓullo daga kwanar cikin unguwar.

"Motar gida mai lamba sha huɗu ce," in ji mai gadin. "Kullum haka marigayin yake mata."

Fanyana ya san lambar, kowa a layinsu ya san ta. Khanyile ke nan, kwamandan Mzwakhe a daji, wanda yanzu yake da hannu a ma'adinai, hotonsa kuma yana fitowa a jarida. Shekara tara Mzwakhe yana ƙame masa kowace safiya, gilashin nan bai taɓa sauka ba.

Fanyana ya taka da ƙafarsa mai ciwo ya tsaya a tsakiyar titi. Motar ta ci burki. Gilashi ya sauka rabi.

"Baba, lafiya?" in ji Khanyile.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Wani yaronka ne ya ƙi tashi daga aiki, muka ce ko za ka yi masa magana."

Khanyile ya kalli ɗakin gadin, ya ga mace tsugune, ya ga reshen. Ɗan ƙauye ne shi ma kafin ya zama abin da ya zama, bai buƙaci bayani ba. Ya kashe motar ya fito, ƙato mai tumbi cikin rigar wasan golf, amma tafiyarsa ta rage sauri.

"Na ji labari," ya ce. "Na sa a aiko da tuta don akwatin. Da rumfa, da abinci. Jam'iyya ba ta manta da nata."

"Tutar ta iso," in ji Fanyana. "Da ita muka toshe inda ɗakinsa ke yoyo. Ta yi amfani, mun gode."

Khanyile ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin gadin, bai shiga ba. "Mama," ya ce wa Thokozile, "ke ce ta kusa da shi? Ya taɓa yin maganata? Me ya ce?"

Amsa ta cika mata baki har tana ɗaci. Ta so ta juyo ta zazzage masa shekara goma sha tara: ruwan da ke shiga ɗaki, takalmin da Fanyana ya ɗinke sau bakwai, tuwon masara ba miya. Harshenta ya ɗaga. Ta cije shi har ta ji gishirin jini. Kalma ɗaya ga mutumin nan, Mzwakhe ya zama mai buɗe masa ƙofa har tashin duniya.

Ta kafa ido a kan reshen.

"Baba Mzwakhe," ta ce, "ga wanda ka goya kwana biyu a daji da harsashi a cinyarsa. Yana tambaya ko ka taɓa maganarsa. Kai ka san ba ka taɓa faɗin aibunsa ba. Cewa kake bai gane ka ba ne, saboda ka tsufa."

Khanyile ya dafa bangon ɗakin.

"Tun ranar farko na gane shi," ya ce, ba a san wa yake gaya wa ba. "In na sauke gilashi, me zan ce masa?"

"Yanzu dai akwai abin da za ka ce," in ji Fanyana. "Ka sallame shi. Da sunan da ka san shi da shi a daji."

Ƙaton ya haɗa ƙafafunsa, ya miƙe iya yadda tumbi ya bari, ya kai hannu goshi.

"Kwamared Mfezi," ya ce. "Aiki ya ƙare. Na sallame ka. Ka tafi gida."

Sandar ta sauko a hankali ta kwanta.

Thokozile ta sa yatsa biyu ta ɗaga reshen, ya taso kamar ba a taɓa riƙe shi ba. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Ga matakala, Baba, guda biyu. Yanzu mun fito. Za mu bi ta hagu zuwa tasha."

Ta wuce ta gaban Khanyile ba ta dube shi ba. Fanyana ya biyo ta yana jan ƙafa. A bayansu ta ji an rufe ƙofar mota, ta ji an tayar, ta ji sabon mai gadin yana danna maɓalli, yana sake dannawa, amma ba ta ji ƙarar tashin sandar ba. Sai hon ɗaya. Sai wani daga wata motar, sai na uku. Suka yi ta taruwa, waɗanda ke son fita da waɗanda ke son shiga, babu mai buɗewa. Wuyanta ya yi ta ƙaiƙayin waiwaye, ta ƙi.

A tasha Fanyana ya biya kuɗin kujera uku. Direban ya ga reshen, ya miƙa hannu ya kashe kiɗa. Wata mata mai buhun lemo ta matsa ba a roƙe ta ba.

Thokozile ta ajiye reshen a kujerar jikin taga ta zauna kusa da shi.

"Baba, mota za ta tashi. Ba gidan da aka yi maka alkawari za mu ba, ɗakinka ne dai na kwano. Amma na share shi."

Ta miƙa hannu ta buɗe tagar kaɗan, don shi mutum ne mai son iska.