Rabin Maganin Matar Tela

Ranar da aka sallami matarsa bayan tiyata, likita ta zaunar da tsohon tela ta yi masa bayani, don ta lura mutum ne mai son jin asalin abu. Ciwon daji ne ya kama gidan ƙwan matar. An cire abin da ido ya gani, saura wanda bai gani ba.

Ta ce jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kowace tana ɗauke da wani sinadari mai aiki kamar almakashi. In ƙwaya ta tsufa ko ta lalace, sai almakashin ya buɗe ya daddatsa ta daga ciki, ta mutu ba hayaniya. Shi ne ma ya raba masa yatsu tun yana cikin uwa, ba don haka ba da hannu irin ƙafar agwagwa zai fito. A ƙwayoyin ciwon, almakashin ya cije. Maganin da za ta sha, biyu da safe biyu da yamma, shi zai takura musu har ya buɗe.

Tela ya wuni yana duba tsakanin yatsunsa. Ko alamar zare babu. Aiki ne mai tsafta, kuma tsaftar ce ta ba shi tsoro.

A mako na biyu matar ta fara amai. Tafin hannunta ya yi fari, ko kofin ruwa ba ta iya riƙewa. Yana zaune kan keken ɗinki, sai ya ji kamar yana jiyo ƙas-ƙas daga ɗakinta. Shekara arba'in yana riƙe almakashi, ya san bai da ido. Shi ya sa bai taɓa yanka yadi daidai awo ba, sai ya bar faɗin yatsa biyu a gefe. In riga ta yi yawa ana ragewa, in ta gaza shi ke nan.

Sai ya bar wa matarsa yatsa biyun. Ya koma ba ta ɗaya da safe ɗaya da yamma, ya ce mata likita ce ta rage. Sauran yana zubawa a gwangwanin maɓallai.

Ta kuwa farfaɗo. Ta fara cin abinci, har ta dawo da tsokanarsa, tana cewa tsohon da ke ɗinka wa gari kaya amma aljihunsa a ɓarke. Ya yi mako bakwai yana jin daɗi.

Wata safiya ta wuce gabansa da rigar da ya ɗinka mata bara. Ya ga ɗinkin gefe ya ɗame a ƙugu. Ba ya buƙatar tef ɗin awo. Hannayenta sun rame, ciki ne kaɗai ya ƙaru. Zaren da ke bakinsa ya ji ya koma ɗaci.

A asibiti aka ɗebi jininta. Bayan kwana biyu likita ta juyo musu da takardar, ta nuna wata lamba da ya kamata ta sauka amma ta hau. Ta ce da alama ciwon ya fi ƙarfin wannan magani, za a dakatar da shi a koma wanda ake ɗurawa ta jijiya. Matar ta san wannan maganin. Shi ne ya zubar mata da gashi ya kwantar da ita wata huɗu kafin tiyata.

“Ba zan koma kan gadon nan ba, likita,” ta ce. Ta juyo gare shi. “Maigida, kai ni gida. Na sha abin da aka ce in sha, bai yi ba.”

Har ta fara laluben takalminta. Sai tela ya dakatar da ita.

“Ba ki sha ba. Rabi na ba ki.”

Ya faɗi komai, kansa a ƙasa. Likita ta ajiye biro. Sannan ta tambaye shi ranar da ya fara, ta rubuta.

“Baba, da ka zo ka gaya mini tana amai, akwai abin da za mu yi.”

Ya tambaya ko makonnin nan bakwai za su gyaru. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi masa ƙarya ba. Za a ɗauki hoton cikin yau. In hoton ya bari, a koma cikakken magani, a sake gwajin jini bayan mako uku.

Matar ta miƙa hannu ba tare da ta dube shi ba. Ya zaro kwalbar maganin daga aljihu ya ɗora mata a tafi.

“Shekara arba'in da ɗaya,” ta ce a hankali, “ashe ni ma yadi ce.”

Ta ƙulle kwalbar a bakin mayafinta. A hanyar ɗakin hoto ya miƙa mata kafaɗa, ta dafa bango. Ya bi ta a baya da jakarta, har ma'aikaciyar jinya ta tare shi a bakin ƙofa ta ce nan ne iyakarsa.