Layin da Malam Luka Ya Hana a Rage

"Ƙara mishi girma," in ji Malam Luka daga kan gado. "Ƙara, Muntari. Har makaho ya hango shi daga Jos."

Muntari ya gyara zaman gilashinsa, ya sunkuya kan kwamfutar da ke bisa cinyarsa kamar mai leƙen rijiya. An ɗauke wuta tun da safe, fanka ta tsaya, zafin bazara ya cika ɗakin tare da warin magani. A kusurwar allon, alamar batir ta riga ta koma ja.

Fiye da shekara talatin ke nan suna katanga ɗaya a unguwar Mabera. Luka malamin lissafi ne mai ritaya. Ya zo Sakkwato yana saurayi daga wani ƙauye bayan Kagoro, da niyyar yin shekara biyu ya koma, har Sakkwatanci ya kama bakinsa. Makon da ya wuce likita ya sallamo shi gida, ya ce a ci gaba da addu'a, kowa kuma ya san fassarar wannan.

Abin da ke kan allon, tsarin jana'izarsa ne, shi ya rubuta abinsa tun yana iya zama. Shafi takwas: tarihin rayuwa, waƙoƙin da za a rera, wanda zai yi wa'azi da wanda ba a yarda ya yi ba. A wajen Muntari, wanda ya saba a rasu da hantsi a kai mutum kafin azahar, abin ya fi kama da shirin taron ƙasa. Amma bai taɓa faɗa ba.

A ƙasan shafi na ƙarshe akwai layi ɗaya: Za a binne ni a Sakkwato, kusa da matata Tabita.

Kuskuren Luka shi ne da ya ɗora rubutun a manhajar nan ta intanet, wadda mutum da yawa ke iya buɗe takarda ɗaya su gyara, kowa daga inda yake. Ya ba 'ya'yansa dama don su duba masa lambobin waƙoƙi. Babban ɗansa Ezekiel, da ke aiki a Jos, ya duba fiye da waƙoƙi. Dattawan ƙauye sun riga sun gaya masa cewa namiji gida ake mai da shi, kusa da ubansa, kuma in aka bar shi a waje, babban ɗa za a tambaya.

Ezekiel yaro ne mai tarbiyya, ba zai goge maganar ubansa ba. Sai dai ya rage girman haruffanta zuwa lamba shida, ya mai da ta ruwan toka, har ta zama kamar ƙura a kan allo. Luka ya wayi gari ya mai da ta goma sha takwas, ya yi mata kauri. Ezekiel ya cire kaurin, ya karkatar da haruffan, wai shawara ce kawai. Luka ya miƙe su, ya ja layi a ƙasa, ya shafa musu ja. A waya kuwa kullum sai sun gaisa. "Baba, ya jiki?" "Da sauƙi." "Ka sha magani?" Babu wanda ya taɓa ambaton layin.

Yau da safe aka tarar da shi ya koma shida. Yau da safe kuma yatsun Luka suka ƙi bin umarni.

"Patience, zo ki yi wa babanki wanga aiki," Muntari ya ce da ƙaramar 'yar, wadda ke jinyar uban. "Ke ce 'yar zamani."

Tana tsaye bakin ƙofa da kofin kunu. Ta girgiza kai. "Baba Muntari, ni ba zan taɓa takardar mutuwar babana ba yana numfashi. Kuma Yaya zai ga sunana."

Haka aikin ya faɗo kan Muntari, wanda duk iliminsa na kwamfuta ya samo shi ne a wata bita da aka taɓa yi musu kafin ya bar aikin gwamnati. Abin da ya rage masa daga bitar, jaka ce mai kyau.

"Ka fara zaɓen layin," in ji Luka, idonsa a rufe. "Ka ja shi har ya yi shuɗi. Sannan ka tahi sama wajen lamba."

"Wace lamba? Lambobi sun yi yawa nan."

"Wadda ke kusa ga sunan salon rubutu. Kai, Muntari, da ɗalibina ne kai da ka sha bulala."

"Da ni ɗalibinka ne da na gudu tun aji ɗaya."

Luka ya so ya yi dariya, tari ya tare ta. Tarin ya daɗe. Patience ta ajiye kofin ta tallafo kansa. Muntari ya ji zufa na bin bayansa. Layin ya yi ƙanƙanta, yatsansa kuma ya yi kauri, duk lokacin da ya ja sai shuɗin ya tsallake. Wani saƙo ya faɗo a kan allo yana cewa batir ya kusa ƙarewa. Ya danna wani abu, ya sake danna wani, ya ga shuɗi ya bayyana, bai tsaya duba iyakarsa ba. Ya haura wajen lambar, ya zaɓi mafi girma da idonsa ya gani.

Allon ya yi tsalle.

Sunan Luka kaɗai ya cinye shafin farko. Kowace kalma ta kumbura ta zama kamar allon tallan siminti. Shafi takwas suka koma sittin da wani abu. Waƙoƙi, tarihi, sunan fasto, duk girma ɗaya, duk ja. Layin da ake faɗa a kansa ya ɓace a cikinsu, domin in kowa na ihu ba a jin kowa.

"Ya yi?" Luka ya tambaya.

Muntari ya ce, "Ya yi."

"Da girma?"

"Wallahi da girma."

Ya san akwai wata 'yar kibiya da ke mai da abu yadda yake, an nuna musu a bita. Kibiyoyi biyu ya gani suna kallon juna, bai san wadda ke gyara da wadda ke ƙarasa ɓarna ba. Ya ɗaga hannunsa daga madannan gaba ɗaya. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, mutumin nan bai taɓa roƙonsa komai ba sai aron tsani. Yau ya roƙe shi layi ɗaya. In batir ya mutu yanzu, abin da zai rage a duniya shi ne takardar da ta yi kama da aikin wanda hankalinsa ya gushe, kuma dattawan ƙauye ba za su nemi hujjar da ta fi wannan ba.

Sai wata 'yar da'ira ta bayyana a saman allon. Ƙaramin sanda mai ƙiftawa ya fito cikin rubutun, da suna a kansa: Ezekiel.

"Ya shigo," Patience ta faɗa a hankali, tana leƙe ta kafaɗarsa.

Sandan ya tsaya wuri ɗaya. Ya sauka ƙasa da gudu, ya hauro, ya sake tsayawa. Daga nan haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, su ma manya, su ma ja, tun da haka takardar ta koma.

Baba, kai ne?

Muntari ya dubi gadon. Luka, wanda ya yi shekaru yana rage wa yara maki saboda layin da bai miƙe ba, ba zai taɓa barin takarda haka ba, ko da zazzaɓi. Ɗansa ya fi kowa sani. Muntari ya nemi haruffa da yatsa ɗaya, yana kuskure yana ci gaba.

Muntari ne. Hannunshi ya daina.

Sandan bai motsa ba. A waje mai ruwa ya wuce yana kaɗa jarkokinsa. Daga ƙetaren katanga Muntari na jin matarsa Balaraba tana faɗa da akuya. Allon ya rage haske da kansa don tattalin abin da ya saura.

Sai komai ya yi shuɗi lokaci guda. Haruffa suka sace kamar an zare musu iska, jan ya koma baƙi, shafuka suka dawo takwas. Abin da ya gagari Muntari, yaron ya gama shi kafin a ce amin. Sandan ya gangara shafi na ƙarshe, ya tsaya a bakin layin. Layin ya yi shuɗi.

Ya ɓace.

"Innalillahi," ya kuɓuce wa Muntari.

"Mi yay yi?" in ji Luka. Ya buɗe ido. "Muntari, mi yay yi?"

Muntari ya ƙara sunkuyawa kan allon. Ƙarya ɗaya ta ishe shi a rana. Ya dinga tura shafuka sama yana neman ko ƙura-ƙurar nan ta shida, ko ruwan toka, ko wani abu. Shafi na bakwai, babu. Wajen waƙoƙi, babu. Tarihin rayuwa, babu. Ya tura da ƙarfi har ya faɗa shafin farko.

Yana nan. Ƙarƙashin sunan Luka, a tsakiya, inda duk wanda aka miƙa wa takardar zai fara gani.

Muntari ya karanta da ƙarfi, ya sake karantawa.

Luka ya ce, "Wane salo ya sa mishi?"

"Irin na sunanka."

"Ya karkata shi?"

Muntari ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allon. "A'a. Tsaye yake."

"Girma hwa?"

"Sha huɗu."

"Rowa," in ji Luka. "Halin uwarshi." Ya mai da idonsa ya rufe. Wayar Patience ta fara ƙara, ta fita tsakar gida da ita tana kuka tun kafin ta ɗauka. Allon ya yi baƙi a cinyar Muntari, ya ci gaba da riƙe shi haka nan.

Ezekiel ya kamo hanya a ranar. Washegari da hantsi, yana tsakanin Gusau da Talata Mafara, Luka ya cika. Muntari ne ya kira shi ya ce ya rage gudu.

Dattawan ƙauye ba sa karanta takardar intanet, don haka sun zo da motarsu, doguwar bas da aka cire wa kujerun baya don ɗaukar gawa. An yi zama a ƙofar gida. Ezekiel ya raba musu takardar da aka buga, ya zauna a ƙasa kansa a sunkuye, ya sha faɗa da yarensu har rana ta karkata. Muntari bai ji ko kalma ɗaya ba, ya dai yi ta aiko da ruwan sanyi. Ran Asabar aka binne Luka kusa da Tabita.

Da safen Lahadi Muntari ya fito shara ya tarar ana loda bas ɗin. Wani daga cikin dattawan ya gano cewa albasa ta fi araha a Sakkwato. Buhuna uku aka jera a baya, a tsaye da farko, sai direba ya ce za su faɗi, aka kwantar da su a tsawon wurin da aka cire kujeru. Motar ta tashi a hankali saboda ramukan layin. Muntari ya tsaya da tsintsiya a hannu har ta sha kwana, ɓawon albasa ɗaya yana juyi a inda ta bari.