Wuyan Rigar Gwaggo

Gwaggo tela ce, kuma duk layin teloli an san ta da wani ɗinkin wuya mai kama da ganye, wanda ita ta ƙirƙiro shi. 'Yar ƙaninta mai karatun jinya ta ɗauki hotonsa ta sa a intanet, don ta jawo mata masu saye.

Masu saye kuwa sun zo. Amma bayan 'yan watanni sai ga diloli sun iso kasuwa daga wata masana'anta ta ƙetare, cike da riguna masu wuyan Gwaggo sak, har da 'yar karkacewar da hannunta ke yi ta hagu. A shagon da ke kallon nata aka rataye su, da arha kamar tsintuwa.

Ƙaninta ya same ta tana ɗiga wa keken ɗinki mai.

"Yaya, ki haƙura. Kafin ki sa zare a allura injinsu ya fitar da tuli. Ki sayar da keken mu saro irin nasu."

"In saro wuyana in sayar?"

"Duniya ce ta haɗe, ba mai raba ta."

"Na ji. Ai ni ma a cikinta nake."

'Yar tasa da ke gefe ta sunkuyar da kai, ta ce bari ta goge hoton daga intanet. Gwaggo ta ce kada ta kuskura. Ta tsallaka titi ta sayo rigar guda ɗaya, ta ɗora a kan kayan jikinta, ta zauna a gaban keke ta ce a ɗauke ta bidiyo.

"Sannunku da aiki, masu inji," ta ce tana kallon wayar. "Kun yi ƙoƙari, har kuskurena kun kwafa. Wannan karkacewar ba ado ba ce, ciwon kafaɗa ne. Yau zan fara sabo, ku buɗe ido da kyau."

Daga ranar take ɗinka sabon wuya a gaban waya, tana bayani dalla-dalla. Teloli suka ce ta zautu, tana rabar da sirrin sana'a. Ta ce masu inji ba su jira izininta ba, gara mutane masu hannu su koya.

Masana'antar ta sake kwafa. Wasu masu sayen kayanta suka koma tsallaken titi, ba su dawo ba. Ƙanin ma ya buɗe shagon kayan dila, yana kunyar biyowa ta layin.

Sai dai saƙonni sun fara shigowa daga matan ƙasashen da Gwaggo ba ta san ko gaisuwarsu ba, kowacce da hoton abin da ta gwada. Wayar na fassarawa, yarinyar na karanta mata. Wata ta rubuto cewa ta gode, tana tambaya ko ya yi.

Gwaggo ta gyara tabarau ta daɗe tana duban hoton.

"Ce mata bai yi ba. Ta ja zaren da yawa. Ta warware ta sake, ina jira."