Tasar Yaye

Ranar da Rahmatu ta cika shekara biyu ba wata biyu, uwar mijina Inna Delu ta aiko aka ɗauke ta yaye. Haka ake yi. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa gaban mutane, balle in nuna na damu. Mijina Arzika masinja ne, ya bi Bature rangadi wajen Gwadabawa tun farkon wata. Gidan Inna kuwa lungu biyu ne tsakaninmu.

Kwana huɗu na daure. A na biyar na ɗauki matankaɗi na ce aro zan mayar.

Na tarar da yarinyar kwance kan tabarma, ido ya faɗa, leɓe ya bushe. Tana ganina ta miƙo hannu, kafin ta tashi sai amai.

"Mi ya kawo ki?" in ji Inna, ko sallamata ba ta gama amsawa ba.

"Matankaɗi na kawo, Inna."

"Ajiye shi ki koma. Kewar nono ce, kowane yaro shina yin ta. Ko ke kika fara haihuwa garin nan?"

Ta jawo wata tasar tagulla, ta ɗage faifai, ta ɗibo kunun tsamiya a ludayi ta ɗura wa yarinyar. Na san tasar. Ta kakan Arzika ce, da ita aka yaye duk 'ya'yan gidan. Inna takan dama kunu da safe ta juye a ciki, ya wuni nan, ana ba yaro kaɗan-kaɗan har la'asar. Bayanta ya yi duhu don tsufa, amma cikinta, daidai inda kunu ya tsaya, sai ƙyalli yake yi. A bakin kunun kuma akwai wani siririn zobe kore.

Inna ta ga inda nake kallo.

"Kin gani ko? Ba a taɓa goge ta ba, da kanta take haske. Albarka ke nan, abin da babu gidanku."

Na nufi gida. A hanya abin ya faɗo mini: da tsamiya muke goge tagulla. In za a yi jeren amarya, tsamiya ake jiƙawa a dirje tasoshi har su yi haske, ruwan ya fito baƙi-baƙi a zubar da shi bayan ɗaki. To wanda ya fito daga tasar Inna, ina ake zubar da shi?

Ina da wani tsohon farantin tagulla cikin kayan ɗakina. Da hantsi na ɗiga masa abu biyar, kowanne da wurinsa: lemun tsami, ruwan tsamiya, nonon shanu mai tsami, ruwan randa, da ruwan kanwa. Na rufe na tura ƙarƙashin gado. Washegari na jawo shi. Wurin lemo ya yi fes, gefensa kore shar. Na tsamiya ya bi bayansa. Na nono ya ɗan dushe, da kore kaɗan. Ruwan randa ya bushe bai bar komai ba, kanwa kuwa farin gari kawai ta bari, na hure ya tashi.

Na naɗe farantin a zane na nufi gidanmu, kusa da Hubbare. Yayana Junaidu yana aikin haɗa magani a asibitin Turawa, na same shi zai fita.

Ya duba ya jinjina kai. Ya ce likitansu yana da wata takarda mai sauya launi in an tsoma ta, kuma har lamba suke ba tsami, daga ɗaya zuwa sha huɗu. Ruwa mai kyau yana tsakiya, bakwai. Abin da ya yi ƙasa da bakwai mai tsami ne, kuma iya ƙanƙantar lamba iya zafinsa: lemo wajen biyu, tsamiya uku, nono huɗu. Su kanwa da ruwan toka suna can sama, ɗaya gefen.

"Ni ba lamba na zo nema ba, Yaya. Yana cin tagulla ko ba ya ci?"

"Shina ci. Koren nan kuwa dahi ne a cikin yaro. Ki raba ta da tasar nan yau."

"Ka zo ka faɗa mata."

"Ni? Matar da ke ce mini yaron Nasara? In na buɗe baki sai ta ƙara kunun."

Gaskiya ya faɗa. Na tafi ni kaɗai.

Inna tana tsakar gida tana kaɗi, Rahmatu na jikinta ko kuka ba ta iya yi sosai. Na durƙusa na gaishe ta har ƙasa, sannan na kwance farantin na ajiye gabanta. Na nuna mata ɗigo-ɗigon, na faɗi abin da kowanne yake. Na ce ba kununta ne da laifi ba, ba hannunta ba ne, tsami da tagulla ne ba sa zama wuri ɗaya. Na ce a zuba a ƙoƙo, shi ke nan roƙona.

Ta ajiye mazari.

"Wato ni ce ke kashe jikata."

"Ban ce ba, Inna."

"Kin ce! Maza bakwai na yaye da tasar ga. Mijin da kike taƙama da shi, cikinta ya sha."

"Cikin bakwai ɗin nawa suka yi zawo, Inna?"

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Mata biyu maƙwabta da suka shigo ɗibar wuta suka tsaya cak. Kowa a unguwa ya san biyu daga 'ya'yanta a yaye suka tafi. Na so in haɗiye maganar, amma ta riga ta fita.

Inna ta miƙe a hankali.

"Ku ji mini marar kunya. Ɗiyar fari take bi gida-gida kamar akuya. Ta je ta kwaso tsafin Nasara wurin wanta, ta shafa wa faranti, za ta koya mini reno."

"Babu Nasara cikin wannan. Lemo ne daga kasuwa. Ki ɗiga da hannunki ki gani."

"Ba ni ɗigawa!"

Ta fizgo tasar, ta cika ludayi, ta ɗago kan yarinyar. Na riƙe hannunta. Ni, Sadiyatu, da ban taɓa haɗa ido da ita ba, na riƙe wuyan hannun uwar mijina har kunun ya zube a zanenta.

"In lafiya ne, ki sha," na ce. "Tun safe yake ciki. Ki sha na ƙasan."

Ta dube ni, ta dubi matan. Sai ta ɗaga tasar da hannu biyu ta kafa kai. Na ga maƙogwaronta ya tsaya a kurɓa ta biyu, na ga fuskarta ta yamutse, don na san ɗanɗanon da ta ji, irin na tsotsar tsohon ƙarfe. Amma ta haɗiye. Ta goge baki da bayan hannu.

"Lafiya lau," ta ce.

Nan na san babu sauran magana. Na sunkuya na ɗauki Rahmatu, na saɓa ta a baya, na ɗaure goyo.

"In kika fita da ita, kada ki sake taka gidan ga. Kuma Arzika zai ji."

"Zai ji, Inna. Ni zan fara faɗa masa."

Ta bi ni har zaure tana faɗin abin da ba zan maimaita ba. Ɗaya daga matan ta ce mini, "Ke dai kin ɓata wayonki." Ban waiwaya ba.

Gidanmu na wuce. Uwata ta yi mini faɗa mai yawa kan riƙe hannun babba, tana faɗan tana dama kunu. Yini biyu muna ba yarinyar dafaffen ruwa da ɗan gishiri da zuma, cokali-cokali. A na uku aman ya tsaya. A na huɗu ta kama gefen turmi ta miƙe, ta miƙa hannu wajen tuwon da ke gabana.

Arzika ya dawo bayan sati biyu. Ya fara biyawa wajen uwarsa, don haka ya iso gidanmu fuska a ɗaure, ya tsaya a zaure ya aiko a ce in fito da yarinyar, Inna ta ce a mayar da ita a ƙarasa yaye.

Na fito ba tare da ita ba. Na ce ya shigo ya ga ɗiyarsa tana cin abinci, amma a nan za a ƙarasa yayen.

Ya daɗe tsaye yana kallon ƙasa. Sannan ya tuɓe takalmi ya shigo.