Famfon da aka kulle saboda baƙi

Da ƙarfe tara na safe motar kamfanin yawon buɗe ido ta tsaya a bakin kogi, cikin gandun namun daji. Baƙi goma sha ɗaya ne a ciki, kowa da kyamara a wuya. Manaja da kansa ya biyo su, domin ranar za a fara sabon tsarin da ya ƙirƙiro: da safe a kalli dabbobi, da rana a kalli mutane. Haka ya rubuta a takardar talla, ko kunya bai ji ba.

Kadoji uku na kwance a kan yashi, bakinsu a buɗe. Manaja ya yi wa baƙi doguwar nasiha da Turanci, sannan ya juyo wurin direba.

"Rufe gilasai duka. Ko yatsa kar wanda ya fitar. In ɗayansu ya ji ciwo, kamfani ya mutu."

Direban ya rufe. A gida Auta ake kiransa, duk da gemunsa ya fara furfura. Garin da za a kai baƙi da rana garinsu ne, tafiyar minti goma, a bakin wannan kogin dai. Shekara bakwai da suka wuce kada ya kama yayarsa a ƙafa tana ɗiban ruwa, mata huɗu suka ƙwace ta da kyar. Daga nan mutanen gari suka haɗa ƙarfi aka haƙa rijiya aka ɗora mata famfo. Auta da bayansa ya ɗauki siminti. Tun ranar babu macen da ta sake sa ƙafa a kogin.

Da azahar suka shiga gari, Auta ya ga kamar ba garinsu ba. Kujerun robar da ke ƙarƙashin bishiyar dandali sun ɓace. Mai cajin waya ya rufe shagonsa. An naɗe famfo da tsohuwar tabarma an ɗaure da igiya, ga sarƙa da kwaɗo a hannunsa. Mata takwas na jere, ba takalmi, kowa da tulu. Yaya ce a gaba.

Ya diro daga mota ko ƙofa bai rufe ba.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Idonka ya lalace ne? Tulu ne. Sai da na kori kaza tukuna, a ciki take ƙwai."

"Ina jarkokinku? Ina takalminki?"

"Ƙarƙashin gado. Jiya mai gidan naka ya zo. Ya ce baƙi ba su ƙetaro teku don su ga jarka ba."

"Famfon fa?"

"Shi ma ya yi zamani da yawa. Kogi za mu, su ɗauke mu hoto muna ɗiba."

Auta ya ɗaga murya. "Ke? Da wannan ƙafar? Kuma kika yarda?"

"Rage murya, Auta. Ya ce in mutum ɗaya ta ƙi, garin gaba zai riƙa kai su. Matan nan sun yi wata biyu suna saƙa kwanduna don baƙin nan. So kake a ce ni na hana su ciniki?"

Ya san yayarsa. In dai don kar a ce ta cuci wani ne, za ta shiga ruwan, ƙafar na rawa. Mutanen kirki ta nan ake kama su, kuma masu kama su sun san hanyar sarai.

Manaja ya ƙaraso yana tafa hannu. "Mama, ke za ki shige gaba. A hankali, kar ki yi sauri. Tafiyar nan taki tana da kyau a hoto."

Ɗingishinta yake nufi.

"Yallabai," in ji Auta, "wannan kogin ba shi ne na safe ba?"

"Koma mota."

"Tambaya na yi. Da safe ka ce ko yatsa kar a fitar. Yanzu kuma mata takwas za su shiga har gwiwa. Kadojin sun yi maka alkawari ne?"

Wata daga cikin matan ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki.

"Minti biyar ne kawai," Manaja ya ce yana yi wa baƙi murmushi, maganar na fita ta tsakanin haƙora. "Nan gefe ne, ba zurfi. Ai sun saba, a ciki suka taso."

"To ga tulu. Yaya, ba shi. Ya nuna muku wurin da ba zurfi."

"Kai, ka san da wa kake magana? Tuƙi na ɗauke ka, ba shawara ba."

"Na sani, yallabai. Shekara shida ina tuƙa ka, ban taɓa jefa ka a rami ba. Wannan matar ita ta goye ni. Fatar baƙonka fata ce, tata kuma me?"

Manaja ya kauda kai, ya ɗaga wa matan hannu. Yaya ta ɗora tulu a ka ta fara tafiya, ƙafar dama na jan ƙasa. Kyamarori suka tashi gaba ɗaya.

Auta ya koma mota, Manaja ya saki ajiyar zuciya. Sai ga shi ya fito da ƙarfen kwance taya. Ya yage tabarmar, ya sa ƙarfen a cikin sarƙa ya murɗa. Kwaɗon araha ne, bai yi gardama ba. Ya kama hannun famfo ya riƙa bugawa da dukan ƙarfinsa har ruwa ya ɓarke ya fantsama wa Manaja a wando.

"Yaya! Ga ruwa nan!"

Ta tsaya a tsakiyar hanya. Da ɗan Turancinsa na tasha Auta ya gaya wa baƙi cewa kogin da za a kai matan shi ne wanda suka gani da safe. Ba su gane ba sosai. Yaya ta sauke tulu, ta ɗaga zaninta zuwa gwiwa don Manaja ya gani: naman ƙwaurinta a ramuke, layin haƙora har biyu.

Wata tsohuwa cikin baƙin ta sauke kyamararta, ta juya kan Manaja da faɗa. Wani dogo mai jar hula kuwa durƙusawa ya yi ya matso, yana neman tabon ya fito masa da kyau.

Yaya ta saki zaninta. "Auta, gaya wa wannan ɗan banzan ya tashi daga gabana. Dabbobin suna can inda kuka baro su."

Ta jawo tulun ta kafa shi a ƙarƙashin famfo. Ruwa na shiga ta sama yana fita ta gindi, don tun bara ya tsage. Ba ta damu ba, ta tsaya a kansa. Ɗaya bayan ɗaya sauran matan suka dawo. Ba dukansu ne suka ji daɗi ba.

"Sannu da aiki, jarumi," in ji ɗaya. "Kwandunan fa, kai za ka saya?"

Auta ya ɗauki ƙarfen ya mayar da shi mota.

"Kowa ya shiga mota," Manaja ya ce. "Kai kuma muna isa ofis ka ajiye mini makulli."

"Da hannuna zan ba ka."

Ya tuƙa su lafiya har ƙofar masauki, ko birki mai ƙarfi bai taka ba. Ya ajiye makullin a kan tebur, ya ɗauki butarsa da tsumman goge gilashi, don nasa ne, ya fita.

Bayan mako ɗaya yana zaune a dandali yana gyara wa Yaya marfin jarka, motar ta zo da sabon direba. Ba ta tsaya ba. Yaya na kan layin famfo da takalminta a ƙafa, ta bi ta da kallo har ta sha kwana.

"Ina suka nufa?"

"Garin gaba."

Ta yi tsaki mai tsawo. Garin gaba ba su da famfo. A can Manaja ko kwaɗo ba sai ya saya ba.