Makullin Mota a Faranti

"A janye kujerar nan, zan shigo da mota!" in ji mai gidan da muke haya, yana danna ham kamar da kurame yake magana.

Na riƙe kujerar da hannu biyu. "Yau Asabar, Yallaɓai. Nan Baba Mai Labari yake zama."

"Filin ubanki ne? Boko ya hau miki kai, Malama."

Na waiga ina neman mai tsaya mini. Tela ya duƙufa a kan kekensa, matar direba ta saki labule. Duk Asabar su ke turo 'ya'yansu wurin Baba don su samu su miƙe ƙafa, amma yau kowa ya zama bebe. Haka motar ta shigo ta cinye tsakar gidan.

Na kai kujerar lungun da ke ƙofar ɗakin Baba, kusa da famfo. Ya fito yana dafa bango, tarin da ya cinye shi tun bara yana jijjiga shi.

"Baba, wallahi sai na kai ƙara."

"Kai ƙara, kai ƙara. Ke bakinki ba ya hutu? Miƙo farantin."

Baba ba ya zuwa da labari a kai. Tsohon farantin ƙarfe yake ajiyewa, yara su zuba abin da ke aljihunsu, shi kuma ya ƙulla labari da su. Dokarsa ɗaya ce: abin da ya shiga faranti ba ya fita sai labari ya ƙare. Ranar an zuba maɓalli, da murfin kwalba, da haƙorin wani yaro da ya fita. Sai Auta, 'yar mai gidan, ta ratso ta jefa wani abu, ƙwal!

Makullin motar ubanta ne.

Baba ya dube shi, ya dube ta, idonsa ya yi haske. "To, akwai wani makulli mai girman kai, wanda ya rantse ba zai gaida maɓalli ba..."

Ya kumbura kumatu yana muryar makulli, ya maƙale murya yana ta maɓalli. Yara suka kwashe da dariya, har matar direba ta leƙo. Ana cikin haka mai gidan ya iso yana huci.

"Wane ɓarawon ne ya ɗauke mini makulli? Kai tsoho, ba ni!"

"Yana aiki, Yallaɓai. Zauna, ga bokiti."

"Ni za ka mayar abin wasa? A gidana?"

"Abba, doka ce!" in ji Auta. Yaran suka ɗauka baki ɗaya: "Doka ce! Doka ce!"

Ya tsaya ƙerere, jijiyar wuyansa ta tashi, amma ya kasa tsallake 'yarsa. Baba ya ci gaba. Makulli ya faɗa rijiya, ba mai iya ciro shi sai maɓallin da ya raina. Murfin kwalba ya zama guga. Maɓalli ya iso bakin rijiya ya leƙa, ya buɗe baki zai yi magana, sai tari ya sarƙe Baba. Ya jira ya lafa, ya sake gwadawa, murya ta ƙi fita. Na kawo ruwa ya ture.

Ya ɗauki makullin ya miƙa wa mai gidan.

"Karɓi. Yau na karya doka."

Mai gidan ya fizge ya wuce, ko sannu.

Ranar Talata da hantsi Baba ya cika. Da yamma sai ga mai gidan a kan tabarmar gaisuwa yana girgiza kai. "Mutumin kirki! Ai shi ya rene mana yara."

"Shi ya sa kuka tura shi bakin famfo?" na ce.

"Haba Malama, ana makoki," in ji tela.

"Ranar Asabar da kake da baki, me ka yi da shi?"

Sai suka matsa suka bar ni ni kaɗai a gefen tabarma.

Da muke kwashe kayan ɗakinsa, na fito da farantin na ce kowa ya ɗauki nasa. Mai haƙorin ya mayar da hannuwansa baya.

"Ai bai ƙare ba, Malama."

Motar tana nan a tsakar gida. Farantin kuma yana kan tagar Baba, da maɓalli, da murfin kwalba, da ɗan ƙaramin haƙori. Jiya na ga Auta ta goge masa ƙura da gefen rigarta, ta mayar da shi inda yake.