Ranar da Shafin Uwar Kaji Ya Yi Shiru

Tana cikin auna dusa a sikeli wani dattijo ya shigo shagon, sanda a hannun dama, kwali a hammata. Da sandar ya lalubo benci ya zauna.

"Nan ne wajen Uwar Kaji?"

"Ni ce, Baba."

"Ashe yarinya ce ma. A waya muryar ƙato nake jin ki da ita."

Ya buɗe kwalin. Kaza ce ciki, ta saki fukafukai, ido a lumshe. Kafin ta taɓa ta ya zaro waya, ya goga yatsa. Wata murya ta inji ta fara magana: "Hoto. Hoto. Hoto."

"Kin ji shafinki ke nan," in ji shi. "Sati uku yanzu."

Shekara shida tana rubuta darussan kiwon kaji a shafinta na intanet. Sati uku da suka wuce ta tsinci rubutun kaf a shafin wani mai kiran kansa likita, ko waƙafi bai canza ba, sunanta kawai ya goge. Ranar ta kasa cin abinci. Ƙanwarta Auta, mai aikin kwamfuta, ta share tsofaffin shafukan, ta mai da kowane darasi hoto, ta buga sunan yayarta a tsakiya. Wanda zai kwafa ya kwafa su gani.

"Tun da idona ya tafi na bar koyarwa," in ji dattijon, "wayar nan ke karanta mini ke. Da kaji goma na fara, yau ɗari biyu ne. Su suka kai 'yata jami'a. To waya ba ta karanta hoto. Da suka fara kashin jini na rasa ki, sai na faɗa shafin likitan nan. Na ji kalamanki ne sak, na ce to."

"Me ya ce ka yi?"

"In sayi maganinsa. Na saya. Sha ɗaya sun mutu."

Ta buɗe shafin ɓarawon da sauri. Darasinta ne, amma yanzu ya yanke sakin layi na ƙarshe, inda ta ce a kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗar ɗakin kaji a ware marasa lafiya, ya liƙa tallar maganinsa a gurbin. Ta duba kazar, ta jawo magani daga kan kantar shagon, sannan ta kira Auta ta saka wayar kowa ya ji.

"Ki mayar da rubutun yadda yake. Yau."

"Yaya, kanki ɗaya? Mutumin nan zai sa ganga."

"Ya sa. Mun kulle ƙofa, ɓarawo na ciki da kayan, mai gaskiya muka bari a waje."

"To ai ni ma matsala nake ciki," Auta ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Kamfanin da ke riƙe shafinsa sun amsa ƙorafinmu. Za su sauke shi, amma sai mun nuna ke kika fara wallafawa, da kwanan wata. Zuwa jibi suka ba mu. Ni kuma da na share tsofaffin, kwanakin suka bi su."

"Auta. Shekara shida?"

"Ki yi haƙuri, Yaya. Na rasa bakin faɗa miki."

Uwar Kaji ta zauna kan buhu. Dattijon ya yi gyaran murya, ya gyara zaman sandarsa tsakanin gwiwoyi.

"'Yata, kafin ku yi faɗa, ina da laifin da zan amsa. Ni ma na kwafe ki."

"Kamar yaya?"

"Duk darasin da ya yi mini daɗi, ranar da ya fito nake tura wa 'yata ta imel, da adireshin shafin a samansa. Don ta san ubanta ba zaman banza yake ba. Ban taɓa tambayarki ba. Ba duka ba ne, da na kashin jinin na ciki da ban zo nan ba. Amma za su kai tamanin."

Kazar ta ɗan motsa cikin kwali.

"Da kwanan wata?" Auta ta tambaya daga waya.

"Imel na tafiya ba kwanan wata?"

"Yaya, ki riƙe mini tsohon nan. Ko sandarsa ce ki ɓoye. Ga ni nan."

"Ki same mu a gidansa," in ji Uwar Kaji. "Akwai shimfiɗar da za a kwashe. Ki zo da kayan da ba kya so."

Ta ɗauki maganin, ta ƙara buhun sabuwar shimfiɗa, ta tsayar da mota. Wata mai sayen abincin kaji ta iso daidai tana rufe shago da tsakar rana.

"Lafiya, Uwar Kaji?"

"Lafiya lau. Ki dawo gobe."

A mota dattijon ya rungume kwalinsa, ya juyo inda yake jin numfashinta.

"Ba ki ce komai ba a kan laifina. In nemi izinin yanzu, ko ya yi latti?"

Ta karɓi kwalin ta ɗora a cinyarta.

"Ka ci gaba da turawa, Baba. Wanda bai yi maka daɗi ba ma, ka tura."